Gargaɗi: Zafin Ƙafa da Sakin Hannu Na Iya Zama Daga Ciwon Hanta, Kada a Sha Dexa Kafin Gwaji

Jama'a, duk wanda tafin ƙafarsa ke zafi da dare har ya hana shi barci, ko yatsunsa suka sage ba ya jin taɓi, ko ya wayi gari ƙafa ɗaya ta saki yana jan ta, ko wuyan hannunsa ya lanƙwashe ya kasa ɗaga buta, to kada ya yarda a ba shi dexamethasone ko prednisolone, ƙwaya ko allura, sai an gwada jininsa an duba ciwon hanta nau'in B da nau'in C. Gargaɗin ya shafi mai ciwon, ya shafi 'yan'uwansa masu zuwa kemis su sayo masa haɗi, ya shafi mai kemis ɗin da ma'aikacin ƙaramin asibiti. Ƙwayar ciwon hanta in ta daɗe a jiki tana iya sa garkuwar jiki ta juyo ta far wa jijiyoyin ji da motsi, tun hanta ba ta nuna komai ba. Magungunan sitiroyid kuma, irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda ake saurin miƙawa da an ji ciwon gaɓɓai ko na jijiya, suna iya tayar da ƙwayar nau'in B ta lalata hanta cikin 'yan makonni.

Ba mutum goma ko ashirin ake magana a kai ba. Babban binciken da aka yi gida-gida a Najeriya a 2018, wanda ake kira NAIIS, ya gano kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Wato a kowane manya 12, kusan ɗaya yana da nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a duniya, kuma kashi 13 cikin 100 kacal aka gwada aka tabbatar musu. Sauran suna noma, suna kasuwa, suna aure da haihuwa, ba su da labari, domin a wajenmu ba a cewa ciwon hanta sai ido ya yi shawara ko ciki ya kumbura. Hanta kuwa tana iya riƙe ƙwayar shekara ashirin ba ta ce uffan ba.

Kada wannan ya firgita kowa. Mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar ba za su taɓa yin ciwon jijiya ba, kuma ciwon suga shi ne abin da ya fi jawo zafin ƙafa. Bayansa akwai cutar HIV, da giya, da ƙarancin bitamin B12, da maganin tarin fuka isoniazid in ba a haɗa shi da B6 ba, da kuturta, da gubar dalma a wuraren haƙar zinare irin na Zamfara, da allurar ɗuwawu da ta taɓa babbar jijiyar ƙafa. Likita mai natsuwa zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake ja a kai shi ne a sa gwajin hanta cikin jerin tun ranar farko. Gwajin sauri na HBsAg don nau'in B da na anti-HCV don nau'in C ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako ya fito kafin rabin awa.

Nau'in C ne ya fi yin wannan ɓarna. Ƙwayar tana zaune shekara da shekaru tana tsokanar wani rukuni na ƙwayoyin garkuwa, su kuma suna ta zuba sinadaran yaƙi cikin jini ba hutawa. Wasu sinadaran sai su manne da juna, su manne da ƙwayar cutar, su zama wani furotin da likitoci ke rubutawa cryoglobulin. Halinsa irin na manja ne: da ɗumi a narke yake, da sanyi ya daskare. Ƙafa da yatsu su suka fi ko'ina sanyi a jiki, don haka a can yake maƙalewa a bangon ƙananan jijiyoyin jini. Garkuwa ta zo kwashe shi, bangon ya kumbura, hanya ta tsuke. Kowace jijiyar ji da motsi tana da nata siraran hanyoyin jini da ke ciyar da ita, da zarar sun toshe sai ta fara mutuwa. Kusan rabin masu tsohon nau'in C suna da furotin ɗin a jini, amma kamar ɗaya cikin goma ne yake kwantarwa. Tun 1966 wani likita a Amurka, Meltzer, da abokan aikinsa suka bayyana alamu uku masu tafiya tare: ɗige-ɗigen jini a fata, ciwon gaɓɓai da kasala. Sai a 1989 aka gano ƙwayar nau'in C, a farkon shekarun 1990 kuma aka tabbatar ita ce silar ciwon a galibin masu shi.

Ciwon jijiyar yakan fara daga yatsun ƙafa, sau da yawa ɗaya ta riga ɗaya. Mutum ya ce an zuba masa barkono a tafin ƙafa, ko ana tsira masa allura, musamman in ya kwanta. Ko mayafi ya taɓa yatsun sai ya zabura. Wata biyu, wata uku, zafin ya haura idon sawu, inda ya fara kuma ya koma ba ji. A nan ne za ka ga dattijo ya baro masallaci da silifa ɗaya, ɗayan ya zame tun bakin ƙofa bai sani ba, sai yaro ya biyo shi da gudu: "Baba, ga takalminka." A ɗage masa ƙafar wando a dubi ƙwauri. A farar fata ɗige-ɗigen jajaye ne, haka suke a hotunan littattafan likitanci. A baƙar fata duhu suke yi, ƙanana masu ɗan tudu, in ka danna da yatsa ba sa dusashewa. Suna fitowa bayan doguwar tsayuwa ko da hunturu, su ɓace su bar fatar ta dafe, su sake dawowa. Wani kuma gyambo ne kusa da idon sawu ya ƙi warkewa. In ga waɗannan, ga fitsari mai kumfa ko mai launin shayi, ga kumburin fuska da safe, ga hawan jinin da bai daɗe da zuwa ba, to ƙoda ma ta taɓu, kuma ba abin jira ba ne ko na mako guda.

Mai wannan ciwo kusan kullum sanyi ake ce masa, tunda shi da bakinsa ya ce ya fi tsanani da hunturu. A jiƙa, a tsima, a yi tsaga, a kafa ƙaho, shekara ta zagayo. In Allah ya sa ya kai asibiti aka nemi gwajin furotin ɗin, nan ma da sauran rina a kaba. Dole jinin ya zauna da ɗumin jiki, digiri 37, tun daga sirinji har a raba ruwansa, sannan a sa ruwan a firji mai digiri 4 a jira har kwana bakwai a ga ko wani farin abu zai kwanta a gindin kwalba. In aka ɗebi jinin aka ajiye a tire cikin ɗaki mai na'urar sanyi, ko aka ba ƙanen majiyyaci ya hau babur da shi a kula mai ƙanƙara zuwa wani gari, furotin ya riga ya daskare ya bi gudan jini an zubar, sakamako ya fito babu. Saboda haka "babu" guda ɗaya bai isa a rufe magana ba. Akwai gwaji biyu da ba sa neman wannan lallaɓa: sinadarin C4 yakan yi ƙasa ƙwarai, gwajin RF kuma yakan nuna akwai. Sai dai RF shi ne gwajin amosanin gaɓɓai, wanda bai zurfafa ba zai gan shi ya ɗora mutum kan prednisolone ko methotrexate, methotrexate kuwa dama ba ya shiri da hanta.

Nau'in B yana da nasa salon, ba shi da yawa amma ya fi gaggawa. Jijiyoyin jini matsakaita yake kamawa, ciwon da ake kira polyarteritis nodosa, a taƙaice PAN, wanda aka danganta shi da wannan ƙwaya a 1970. Yakan zo cikin watannin farko bayan babba ya kamu, ta aska ko allura ko ƙarin jini ko saduwa. Mutum ya yi makonni da zazzaɓin da maganin maleriya da na taifot suka kasa, yana ramewa, cikinsa na murɗawa bayan cin abinci har ya fara tsoron tuwo, wani marainansa su yi ciwo, jini ya hau farat ɗaya. Rana ɗaya zugi mai tsanani ya sauka a ƙwauri, kafin gari ya waye ƙafar ta saki. Bayan 'yan kwanaki hannun ɗaya ɓarin ya bi, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su sage. Wannan tsalle daga ƙafar dama zuwa hannun hagu shi ke sa a ce sammu ne, ko ya tsallaka wani abu, ko iska ce, alhali shi ne babbar shaidar ciwon: jijiyoyi ne ke mutuwa ɗaya-ɗaya duk inda jini ya yanke. Ba na hana kowa addu'a da tofi, a yi su a bakin gadon asibiti. Ciwon ciki mai tsanani ko baƙin bayan gida a wannan hali na nufin hanji na rasa jini, kuma yana iya hujewa.

Akwai kuma Guillain-Barré, wanda shi kwanaki ake ƙirga masa. Garkuwa ce ke far wa jijiyoyin kai tsaye. Ƙafafu biyu su yi nauyi tare, jiya ya kasa hawa mataki, yau ya kasa tashi daga tsugunne, gobe hannuwa sun bi. Yakan biyo bayan gudawa ko mura, an kuma gan shi tare da ciwon hanta iri-iri. Wanda alaƙarsa ta fi tabbata shi ne nau'in E na gurɓataccen ruwa, irin wanda ya ɓarke a Diffa da Borno a 2017. Kusan ɗaya cikin huɗu sai an sa masa na'urar numfashi. Don haka wanda rauni ke hauro masa daga ƙafa, ko yana ƙwarewa in ya sha ruwa, ko muryarsa ta sauya, ko ya kasa ƙirga ɗaya zuwa ashirin da numfashi ɗaya, a ɗauke shi yau zuwa asibitin da ke da sashen kulawa ta musamman. Maganinsa ƙarin sinadarin garkuwa ta jijiya, IVIG, na kwana biyar, ko wankin ruwan jini da inji. Duka biyun da tsada, mai nauyin kilo 60 giram 120 na IVIG yake buƙata. An gwada sitiroyid a wannan ciwo an ga ba ya amfani, don haka allurar dexa ba za ta tayar da shi ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a gwada bayan gidansa saboda shan inna. In kuwa ɓari guda ne ya saki, baki ya karkace, magana ta sarƙe, wannan daga ƙwaƙwalwa ne, shi ma na garzayawa ne nan take.

Ɗan'uwan Guillain-Barré mai tafiya a hankali shi ne CIDP, inda raunin ke ci gaba fiye da mako takwas, cinya da kafaɗa su raunana tare da yatsu. An ruwaito shi a masu nau'in B da C, da waɗanda aka yi wa tsohuwar allurar interferon. Shi sitiroyid yana yi masa aiki, amma sha ne na watanni, kuma nan haɗarin yake.

Abin da ke riƙe da ƙwayar nau'in B a jikin wanda ke yawo lafiya lau shi ne garkuwarsa. In aka danne garkuwar, ƙwayar ta samu sarari ta hayayyafa cikin hanta ninkin-ba-ninkin. Sitiroyid ma har zuga ta yake yi kai tsaye. A wannan tsakanin mutum daɗi yake ji: ciwon gaɓɓai ya lafa, abinci na shiga, kumatu sun ciko, 'yan'uwa na cewa ai magani ya karɓe shi. Ranar da kuɗi suka ƙare, ko ya ga ya warke ya daina sha, garkuwa ta farfaɗo ta tarar da hanta cike da ƙwaya, ta far mata gaba ɗaya. 'Yan makonni sai ga shawara, fitsari ya yi ja, amai, ciki ya tara ruwa, barci da rana, surutai da dare, daga nan sai suma. Garin neman gira an rasa ido. Likitocin hanta suna sa wanda ke da HBsAg, ya kuma sha prednisolone miligiram 20 kullum har mako huɗu ko fiye, cikin masu babban haɗari. Dexamethasone ya ninka shi ƙarfi kusan sau bakwai: miligiram 3 nasa, wato ƙananan ƙwayoyi shida masu rabin miligiram, daidai suke da waccan 20. Biyu da safe, biyu da rana, biyu da dare, an kai. Ba kuma a haɗin kemis kaɗai ake gamuwa da shi ba. Yana cikin ƙwayoyin sha-ka-fashe da ake sha don ƙiba, akwai kuma masu daka shi su zuba cikin garin maganin sanyi ko na gora, don mai saye ya ji sauƙi a daren farko ya dawo. Duk garin da ke kashe ciwon gwiwa a kwana ɗaya, bayan wata guda fuska ta yi fam, a yi masa kallon tuhuma.

Wanda ya riga ya yi makonni yana sha, kada ya watsar yau. Yankewa farat ɗaya na iya jawo saukar jini da suma, don jiki ya daina yin nasa sinadarin, kuma ita kanta tana iya zama silar tashin hantar. Ya kwashi kwalin da ragowar ƙwayoyin, har da garin, ya kai wa likita ya ce: "Likita, ga abin da nake sha tun watan azumi. A duba min hanta kafin a rage min." In ƙwayar na nan za a fara masa maganinta, sannan a janye sitiroyid sannu a hankali.

Magani akwai shi, mai kyau ma, sai dai da tsari ake binsa. Anti-HCV yana nuna an taɓa haɗuwa da nau'in C ne kawai; kusan kashi 30 cikin 100 jikinsu ya kore ta da kansa, sai an auna ƙwayar a jini a tabbatar tana nan. In tana nan, magungunan da suka fara fitowa a 2013, sofosbuvir tare da daclatasvir ko velpatasvir, sau ɗaya a rana na mako 12, suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100, a sake gwaji mako 12 bayan gamawa. Ga mai ciwon jijiya mai sauƙi, kashe ƙwayar shi ne maganin, don in mai tsokana ya tafi garkuwa takan lafa. Wanda jijiyoyinsa ke saki ɗaya bayan ɗaya, ko ƙoda na lalacewa, ko yatsu na baƙi, ba a jira: ana ƙara masa rituximab da sitiroyid na ɗan lokaci, wani lokaci da wankin ruwan jini. Kafin duk wannan sai an duba nau'in B. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗinta mafi tsanani kan rituximab a 2013, da kan sababbin magungunan nau'in C a 2016, saboda an ga sun tayar da nau'in B har an rasa rayuka. Rituximab yana tayar da ita har a wanda HBsAg ɗinsa ya nuna babu amma anti-HBc ya nuna ya taɓa yi, don haka a nemi gwajin biyu. Abin da ake yawan mantawa kuma: carbamazepine, da ake ba masu zugin jijiya da masu farfaɗiya, da rifampicin na tarin fuka, suna karya ƙarfin magungunan nau'in C har su kasa aiki.

Ga nau'in B, tenofovir ne ko entecavir, ƙwaya ɗaya a rana. Danne cutar suke yi, ba sa tumɓuke ta daga hanta, shi ya sa sha ne na shekaru, wasu har ƙarshen rayuwa, kuma dainawa da ka tana jawo irin tashin da aka bayyana. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024 ta sa ciwon da ƙwayar ta jawo a wajen hanta, irin na jijiyoyin jini da na ƙoda, cikin dalilan fara magani ko da gwajin hanta bai nuna ɓarna ba. Kada a sallami mai PAN da cewa gwajin hantarsa na ALT lafiya. Tsarin da Loïc Guillevin da abokan aikinsa suka kafa a Faransa shi ne sitiroyid na kamar mako biyu kawai, a janye shi, a ci gaba da maganin ƙwayar tare da wankin ruwan jini. Wanda dole ya daɗe kan sitiroyid ko rituximab, kamar mai CIDP, ana fara masa tenofovir ko entecavir kafin maganin ko tare da shi, a ci gaba wata shida zuwa 12 bayan an gama, in rituximab ne aƙalla shekara guda. A gwada HIV tukuna, don tenofovir shi kaɗai yana sa ƙwayar HIV ta yi taurin kai. Mai su biyun haɗin magani uku ne ya dace da shi. A duba ƙoda ma, don tenofovir na iya taɓa ta. Likitocin jijiya da na hanta suna manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, da na Shika, da na Sakkwato da Maiduguri. A nemi takardar turawa tun da wuri.

Ɗige-ɗigen fata da ciwon gaɓɓai sukan tafi da wuri, jijiya ce ta ƙarshe. Tana sake tsirowa ne kamar milimita ɗaya a rana in an yi sa'a. Daga gwiwa zuwa babban yatsa ya haura santimita 40, lissafin ya wuce shekara. Wadda ta daɗe a mace ba ta dawowa duka, shi ya sa watannin da aka ɓata ana jiƙe-jiƙe ba sa biyuwa. Zugin na iya ci gaba bayan ƙwayar ta tafi, kuma ba ya jin diclofenac ko ibuprofen, waɗanda ke cutar da ƙoda, suna kuma jawo zubar jini ga wanda hantarsa ta taurare. Amitriptyline kaɗan da dare, ko gabapentin, ko pregabalin ake bayarwa, da awon likita. Allurar bitamin B da ake ta yi ba iyaka ita ma a yi hattara, don B6 in ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya.

Da hunturu mai wannan ciwo yana son ɗumi, safa da ruwan alwala mai ɗumi da asuba, amma a taɓa ruwan da gwiwar hannu tukuna, kada kuma ya miƙe ƙafa kusa da kaskon gawayi; wani sai ya ji ƙauri yake sanin ya ƙone. Ya zazzage takalmi kafin ya sa, kullum da yamma wani ya duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Ƙafar da ta saki tana son abin tallafe idon sawu da motsa jiki a sashen gashin ƙashi tun farko, in ba haka ba agara ta tsuke, ko jijiyar ta dawo ba za a iya takawa daidai ba. Tsaga da sakiya a irin wannan ƙafa gyambo suke zama, askar kuma ta kai ƙwayar ga na gaba a layi.

Wanda aka warkar da nau'in C kada ya yi ban kwana da asibiti in ya taɓa samun furotin ɗin. A wasu yakan saura ko ya dawo, ƙwayoyin garkuwar da suka daɗe suna wuce gona da iri kuma suna iya rikiɗewa su zama sankara. Kaluluwar da ta kumbura ba ciwo ta ƙi sauka, zufar dare, rama ba dalili, ko dawowar ɗige-ɗigen, a koma wa likita. Warkewa ba ta hana sake kamuwa, nau'in C ba shi da allurar rigakafi.

Tun 2024 doka a Kano ta wajabta gwajin nau'in B da C kafin aure, ga kuma masu ba da jini da masu awon ciki da ake gwadawa kullum. Mutane da yawa sun riga sun ga sakamakonsu, sun ninke takardar sun tura ƙasan akwati don kunya ko tsoron a guje su, alhali ƙwayar ba ta bin gumi, ko musabaha, ko ci a kwano ɗaya. A fiddo takardar. A nuna wa duk wanda zai rubuta magani, ko na asma ne, ko na ƙaiƙayin fata, ko na sankara. A gwada mata da miji da 'ya'ya da waɗanda aka fito ciki ɗaya, wanda bai da nau'in B a yi masa allurar rigakafinsa sau uku. Jariri kuwa cikin sa'a 24 da haihuwa ake son allurarsa ta farko, ko a gida aka haife shi, ba sai ranar suna ba, don cikin jarirai goma da suka kamu, tara ƙwayar zama take yi a jikinsu har girma. Ranar sunan kuma, mahaifin ya sayo sabuwar reza da kansa ya miƙa wa wanzami.